Keken Direba da Soson Auta

Auta ba ta iya ganin abu ta ƙyale shi ba. In ta ga maɓallin rigarka yana lilo, kafin ka buɗe baki ta ɗauko allura. In ta ga littattafan yayanta a warwatse, sai ta jera masa su tsaf, shi kuma ya yini yana neman wanda yake karantawa. Zuciyarta fara ce sol. Sai dai hannunta ya fi bakinta sauri.

Da aka yi dogon hutu, makarantarsu ta raba 'yan ajinsu zuwa wuraren koyon aiki. Wasu suka tafi asibiti, wasu gidan buga littattafai. Auta da wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo aka tura su wata ma'aikata a bayan tashar mota. A nan ake ƙera kayan da ke taimaka wa masu naƙasa.

Babban ɗaki ne mai rufin kwano. Tayoyi na rataye a bango, manya da ƙanana. Ga sandunan dogarawa a jingine, ga fararen sandunan makafi a cikin wani dogon kwando. Ko'ina warin gam da ƙarar walda. Can ciki kuma akwai wani ɗan ɗaki shiru, inda ake gyaran na'urar ƙara ji da wayoyin da ke karanta wa makafi saƙo.

Dogo aka kai shi wajen masu walda. Auta kuwa aka ba ta ga Anti, mai kula da wurin zama na kekunan da marasa ƙafa ke hawa. Anti doguwar mace ce mai fara'a. Ita ma da ƙarfe a ƙafarta ta hagu, tana tafiya da sanda guda. Kullum tef ɗin awo na wuyanta, alli na bayan kunnenta.

Tun ranar farko ta zaunar da Auta a kan benci.

Ta ce, “'Yata, dokarmu biyu ce a nan. Ba a taɓa keken mutum sai an tambaye shi, don keken nan ƙafafunsa ne. Kuma in za ki yi magana da mai keke, ki durƙusa ku daidaita ido, ki yi da shi. Kada ki yi da wanda ya rako shi.”

Auta ta ce ta ji. Ji kam ta ji, amma rabin hankalinta na kan injin ɗinkin da ke kusurwa.

Aiki kuwa ta iya, ba a ƙwace mata wannan ba. Cikin ɗan lokaci ta koyi yanka soso da wuƙa mai tsawo. Ta koyi shafa gam, ta koyi ɗinka rigar kushin ba tare da ta tattare ba. Har Anti ta fara barinta ita kaɗai a kan teburin yanka. Dogo yakan leƙo da baƙin tabarau a goshi, ya ce mata Injiniyar Katifa. Ita kuma ta ce masa Sarkin Ƙona Riga, don duk rigunansa sun huhhuje da tartsatsin wuta.

Wata safiya wata mata ta shigo da yaro goye a bayanta. Ba jariri ba ne. Ya kai shekara bakwai, ƙafafunsa sirara suna reto har kusan gwiwarta. Ta sauke shi a kan benci, ta dafe ƙugu tana mayar da numfashi.

Yaron ko kallon mutane bai yi ba. Tayoyin bango yake kallo. Sai ya kama wani murfin bokiti da ke kusa, ya shiga juya shi kamar sitiyari, yana ƙugin mota da bakinsa.

Mamansa ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ake ce masa Direba. Ta ce kansa na ja sosai, ya iya ƙirga har ya fara haɗa baƙi. Amma makaranta ya ƙi ta ƙememe. Bara ta taɓa goya shi ta kai shi. Yara suka taru a bakin ƙofa suna cewa ga jariri mai gemu an kawo. Tun daga ranar ya ce ba zai sake komawa a goye ba. Yanzu malamar ajin ta ce in bai zo ranar Litinin da za a koma ba, za a ba wani gurbinsa, sai kuma baɗi.

Anti ta jingine sandarta, ta zauna a ɗan kujera daidai tsayinsa.

Ta ce, “Direba, wace irin mota kake so?”

Ya ce, “Wadda zan tuƙa da kaina.”

Anti ta auna shi a hankali. Ta auna faɗin ƙugunsa da tsawon cinyarsa. Ta sa ya saki hannuwansa ƙasa, ta duba inda yatsunsa suka tsaya. Duk abin da za ta yi sai ta faɗa masa tukuna. Ta rubuta awon da alli a jikin katakon da za a yi wurin zama da shi.

Auta na tsaye a gefe, tausayi ya cika ta. Ta kalli siraran ƙafafun nan, ta ji ƙwalla na neman zubo mata. Ta matsa kusa da mamansa tana tambaya ko yana jin ciwo, ko yana iya cin abinci da kansa. Direba ya ɗago ya kalle ta, ya mayar da kai ga sitiyarinsa. Ita ko lura ba ta yi ba.

Masu walda suka haɗa ƙarfen keken, suka shafa masa jan fenti. Saura kushin. Anti ta ɗauko wani soso mai tauri daga saman kabad. Ta ce irin wannan shi ke riƙe jikin yaro kada ya karkace, kuma wannan ne guntun ƙarshe, sai wani wata za a kawo sabo. Ita da kanta ta yanka shi, ta fafe masa ɗan gurbi inda ƙashin zama zai sauka. Daga nan aka kira ta wani gida, wajen wani tsoho da kekensa ya karye. Ta ce wa Auta ta ɗinka wa soson riga kawai, ta ɗora.

Auta ta danna soson da yatsa. Tauri kamar busasshen burodi, kuma ga shi siriri.

A ranta ta ce, haba, wannan ɗan tahalikin da ba shi da tsoka, a nan zai yini a zaune? Ai ko ita mai lafiya ba za ta iya ba. Ga soso mai laushi nan tuli a kusurwa, ba mai amfani da shi.

Da ta jira Anti ta tambaya, da ba a yi haka ba. Amma ina! Hannu ya riga ya tafi. Ta yanko soso mai laushi, mai kauri kamar tafin hannu a tsaye. Ta malala gam a kan na Anti, ta manna shi. Ta ƙara wani a majinginar baya. Sannan ta ɗinka musu riga baƙa mai kyau, ta rufe komai ruf. Ta koma gida tana murna, tana jin yau ta yi abin lada.

Ranar Juma'a aka kawo Direba gwaji. An yi masa aski, an sa masa sabuwar riga. Tun daga ƙofa ya hango jan keken, ya fara zillo a bayan mamansa. Anti na can ɗakin ciki da wani mai gyaran na'urar ji, ta ce tana zuwa. Auta ba ta jira ta ba. Ta ce wa maman ta ɗora shi.

Aka ɗora shi. Sai ya lume cikin soson, ya karkace gefe guda. Ƙafafunsa suka tsaya a sama, ba su kai wurin ɗora ƙafa ba. Ya miƙa hannu zai kama zoben da ake tura taya da shi. Kan yatsunsa ne kawai suka taɓa. Ya ƙara miƙawa, ya cije leɓe, ya yunƙura. Tayar ta ɗan motsa ta tsaya. Ya sake yunƙurawa har ya kusa kifowa.

Masu walda suka kashe injinsu.

Auta ta ga ɓarnar da ta yi. Maimakon ta tsaya, sai ta ƙara wata ɓarnar. Ta zagaya baya da sauri, ta kama mariƙin keken.

Ta ce, “Kada ka damu, bari in tura ka. Ka ga, ga mu muna tafiya.”

Ta tura shi tsakiyar ɗakin. Direba ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa. Bai yi ihu ba. Kafaɗunsa ne kawai suke rawa.

Ya ce, “Ki sake ni. Ba na so a tura ni. Mama, ɗauke ni mu tafi gida. Ba zan je makarantar ba.”

Allah sarki. Mamansa ta sunkuya ta goya shi, ba ta ce wa kowa komai ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi wa Auta sauƙi. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Anti. Anti ta roƙe ta su dawo gobe da safe, ko da ba a aiki ranar Asabar. Matar ta ce za ta gwada, amma ba ta yi alkawari ba, don ta san halin ɗanta.

Anti ta zo ta tsaya a kan keken. Ta danna kushin da tafin hannu. Ta zuge zif ɗin rigar, ta ga abin da ke ciki. Ta juyo ta kalli Auta.

Auta ta ce, “Ni ce, Anti. Na ga ya yi tauri ne. Na ji tausayinsa.”

Anti ta ce, “Na san ba mugunta ba ce. Amma shi kin tambaye shi? Ni kin tambaye ni?”

Auta ta girgiza kai.

Anti ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna mata awon da ke jikin katako. Ta ce kowane ɗan yatsa na tsayin nan an yi shi ne don hannun Direba ya kai taya. Soso mai laushi daɗin taɓawa ne da shi, amma ba ya riƙe jiki. Yaro zai lume ciki, bayansa ya lanƙwashe, har fatarsa ta yi gyambo. Sannan ta ce abin da ya fi damunta, gam ɗin ya kama. In aka fizge na sama, na ƙasa zai yage, kuma babu wani sai wani wata. Litinin kuwa gata ce.

Auta ta koma gida idonta jawur. Ko abinci ta kasa ci. Babanta tela ne, shagonsa na ƙofar gida. Ya gan ta zaune a bakin shagon ta yi tagumi, ya dakatar da ɗinki ya tambaye ta lafiya. Ta kwashe labari ta faɗa masa, ba ta rage komai ba.

Baba ya ce, “Auta, kin san duk duniya ba wanda nake so kamar ku. To kin taɓa ganin na ɗinka miki riga ban auna ki ba?”

Ta ce a'a.

Ya ce, “So ba ya hana awo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”

Ta ce to yanzu yaya za ta yi, ga shi ta ja wa yaro asarar shekara guda. Baba ya buɗe aljihun teburinsa, ya ɗauko sabuwar reza da ɗan ƙaramin almakashi. Ya ce abin da aka manna da gaggawa, da haƙuri ake ɓamɓare shi. Ta je ta nemi izinin Anti, ta bi shi kaɗan-kaɗan.

Asabar ɗin nan 'yan ajinsu suka shirya zuwa gidan namun daji. Auta ta daɗe tana ɗokin ranar. Amma da gari ya waye, ma'aikata ta nufa. Ta tarar Anti ta riga ta buɗe. Ta nuna mata rezar, ta tambaya ko ta gwada. Anti ta ce ta gwada, amma ta yi a hankali.

Kai, aikin nan ya ci rai. Ta sa bakin reza tsakanin soso da soso, ta yanka ɗan kaɗan, ta ɗaga, ta sake yankawa. Yatsunta suka yi ɗanƙo da gam. Wuyanta ya ƙage. Sau da yawa zuciyarta ta ce ta fizge kawai a huta, sai ta ajiye rezar ta yarfe hannu. Can sai ga Dogo ya shigo. Ya ce wai ya fasa zuwa kallon birai, tunda ga wata a nan tana tsince-tsince. Auta ta harare shi, amma ta ji daɗi. Ya riƙe mata gefe guda tana yanka.

Rana ta ɗaga sosai kafin soso mai laushi ya rabu, suka cire na majinginar baya ma. Na Anti ya fito lafiya, sai ɗan gefe guda da ya gutsure. Anti ta duba, ta cike wurin da ɗan guntu, ta ce zai yi.

Saura mai keke. Suka yi ta kallon ƙofa. Har Auta ta fara cire rai, sai ga matar nan ta shigo da shi a baya. Fuskarsa a ɗaure tamau. Mamansa ta ce da ƙyar ya yarda, wai sitiyarinsa na murfin bokiti kawai ya zo ɗauka.

Aka zaunar da shi a benci. Auta ta zo gabansa ta durƙusa, har idonta ya daidaita da nasa.

Ta ce, “Direba, ni na ɓata maka mota jiya. Na sa abin da ba ka ce in sa ba, kuma na tura ka ban tambaye ka ba. Ka yi haƙuri.”

Ya kalle ta ta wutsiyar ido.

Ya ce, “Ke ce makanikiyar?”

Ta ce, “Ni ce. Amma sabuwa ce ni, ban gama koyo ba. Za ka gwada, ka faɗa mini inda bai yi ba?”

Ya juya ya kalli jan keken. Sannan ya ce zai gwada, amma kada kowa ya taɓa bayan motar. Auta ta ce ta yarda. Dogo ma ya ɗaga hannuwa sama ya ce shi ko kusa ba zai zo ba.

Mamansa ta ɗora shi. Wannan karon ya zauna daram. Ƙafafunsa suka sauka a mazauninsu. Ya saki hannu, tafinsa ya kama zoben taya sosai. Ya tura. Keken ya tafi sumul har wajen kwandon sanduna. Anti ta nuna masa yadda zai riƙe taya ɗaya ya tura ɗaya in zai juya. Ya juya, ya dawo, ya sake tafiya, ƙugin mota na tashi daga bakinsa.

Da ya tsaya, Auta ta tambaye shi ko akwai inda ke damunsa. Ashe kuwa akwai. Ya ce ɗinkin rigar kushin yana cizonsa a bayan gwiwa. Ya ce birkin hagu ya yi masa tauri. Ya kuma ce mota ba ta tafiya ba hon. Duk wannan da ba a tambaye shi ba, ba wanda zai sani. Auta ta farke ɗinkin ta mayar da shi ƙasa. Dogo ya sassauta birki, ya kuma samo wata tsohuwar ƙararrawar keke ya ɗaura masa.

Ranar Litinin Auta ta fita da wuri cikin kayan makaranta. Ta biya ta makarantar su Direba, don Anti ta ce ta je ta ga yadda keken zai yi a hanya. Ta same su a kusa da ƙofa, mamansa na tafe a gefensa riƙe da jakarsa. Yara sun cika wurin.

A bakin ƙofar akwai ɗan hawa na siminti. Direba ya tura, keken ya hau rabi, ya dawo baya. Yara suka tsaya kallo. Hannun Auta ya fara ƙaiƙayi. Ta ji kamar ta yi tsalle ta kama mariƙin nan. Sai ta mayar da hannuwanta baya, ta damƙe su gam.

Ya ja baya kaɗan. Ya sunkuyar da kai, ya tura da duk ƙarfinsa. Tayoyin suka hau, suka haye, suka sauka cikin makaranta. Ya danna ƙararrawa. Yara suka dare suka ba shi hanya. Wani ɗan ƙarami ya biyo shi da gudu yana roƙon ya ba shi ya danna sau ɗaya. Mamansa ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Ajin nasu na can ƙarshen fili, ga yashi a hanya. Direba ya yi nisa, ya tsaya yana haki. Ya waiwayo, ya yafito Auta.

Ya ce, “Makanikiya, na gaji. Ki tura ni zuwa bishiyar can. Daga nan ki sake ni, da kaina zan shiga aji.”

Auta ta ce, “To, Direba.”

Ta tura shi har bishiyar, ta saki. Ya ƙarasa da kansa, malamar ajin ta buɗe masa ƙofa, ya shiga.

Auta ta tafi tata makarantar da gudu, zuciyarta fes. Ta koyi abin da ya fi yanka soso da ɗinki. Taimako abu ne mai kyau, amma kafin ka taimaki mutum, ka tambaye shi abin da yake so, ka kuma saurari amsarsa.